Kyanwa da Rumbu: Tarihin Wani Tsohon Alkawari

 

Hirarmu ta yau ta tarihi ce. Tarihin wata ƴar dabba ce da ke kwana cikin gidajenmu. Wasu na ce mata kyanwa, wasu mussa, wasu mage. Namijinta shi ne muzuru.

Ga abin da ya kawo wannan hira. Bara, bayan kaka, wani dattijo na ajinmu na karatun manya ya zo ransa a ɓace. Ɓeraye sun dame shi, waɗanda wasunmu ke kira kusu. Sun ci hatsi. Wanda ba su ci ba sun ɓata shi da kashi da fitsari. Sai ya roƙo kyanwa wajen maƙwabcinsa, ya jefa ta ɗakin ajiya, ya rufe ƙofa. Bai ba ta abinci ba, bai ba ta ruwa ba. Ya ce yunwa ce za ta sa ta aiki. Bayan kwana 3 ya buɗe ɗakin. Kyanwa ta fito a guje, ta haura danga, ba ta sake dawowa ba. Ɓeraye kuwa suna nan.

Ya tambaye ni, ya ce: "Malam, ashe ba don kamun ɓera aka yi ta ba?"

Na ce masa: "Baba, tambayarka tana da dogon tarihi. Bari mu bi shi tun daga tushe."

Asalinta daga daji ne

Akwai wata kyanwa da ke zaune a daji. Maharba da makiyaya sun san ta. Launinta kamar na yashi ne, da ratsi-ratsi marasa duhu. Ƙafafunta dogaye ne. Bayan kunnenta ja-ja ne, ƙarshen wutsiyarta baƙi. Tana nan a dazuzzukan Sahel, da arewacin Afirka, da ƙasashen Larabawa.

A shekara ta 2007 wasu masana suka ba da sakamakon wani babban bincike. Sun duba kyanwoyi 979, na gida da na daji, daga ƙasashe masu yawa. Abin da suka duba shi ne alamun gado da ke cikin jikin kowace halitta, waɗanda ɗa ke ɗaukowa daga uwa da uba. Suka tarar duk kyanwar gida ta duniya jikanyar wannan kyanwar daji ce. Ta Faransa, da ta Amurka, da wadda ke kwance ƙarƙashin rumbunka, kakarsu ɗaya.

Shi ya sa har yau jikinta na maharbiya ne. Tana da haƙora 30, masu yankan nama. Tana ɓoye faratanta in tana tafiya, don kada su dushe. Ɗan hasken da bai ishe mu gani ba, ita ya ishe ta. Kunnenta na jin siririn kukan ɓera wanda kunnen mutum ba ya ji. Gashin bakinta na gaya mata faɗin rami a cikin duhu. Tana kwana fiye da rabin yini, ta tashi farauta da magariba da asuba, lokacin da ɓera ke fitowa.

Rumbu ne ya haɗa mu

To, yaya dabbar daji ta shigo gida?

Shekara fiye da 10,000 da suka wuce, mutane suka fara noma a ƙasashen da a yau ake kira Siriya, da Iraƙi, da Turkiyya, da Falasɗinu. Suka shuka alkama da sha'ir. Suka daina yawo, suka kafa ƙauyuka. Wanda ya yi noma kuwa dole ya yi ajiya. Da aka tara ƙwaya wuri ɗaya, sai ɓera ya samu gari. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɓera ya bi ƙwaya, kyanwar daji ta bi ɓera. Babu wanda ya ɗaure ta ya jawo ta, yadda ake jan tunkiya ko akuya. Da ƙafarta ta zo. Wadda ke da tsananin tsoro ta koma daji. Wadda ta iya jure ganin mutum ta zauna, ta ƙoshi, ta haihu kusa da gida. Ƴaƴanta suka tashi sun saba da mutane. Manomi ya ga amfaninta, ya ƙyale ta. A haka alkawari ya ƙullu ba tare da takarda ba: ita ta rage masa ɓarna, shi ya ba ta wurin zama.

Akwai wata tsohuwar shaida daga Kubrus, wani tsibiri cikin tekun Bahar Rum. A shekara ta 2004 masana na Faransa suka ba da labarin wani kabari da suka tono can. Kabarin ya kai shekara 9,500. A ciki akwai mutum da kayan aikinsa na dutse. Kusa da shi, tazarar da ba ta kai rabin mita ba, an binne wata kyanwa mai wata 8. Tsibirin ba shi da kyanwa tun asali. Ke nan a jirgin ruwa mutane suka kai ta. Ba a haye teku da dabbar da ba a damu da ita ba.

Kyanwa a ƙasar Masar

Inda kyanwa ta zama ƴar gida sosai shi ne Masar, a nan Afirka. Masarawan dā manoma ne na bakin kogin Nilu. Suna da manyan rumbuna, na sarki da na talakawa. Sunan da suka ba ta shi ne "miu". Ku faɗe shi da baki, za ku ji kukanta ne.

Sun bar mana zane-zane a bangon kaburbura. A wani zane mai shekara wajen 3,400, ga kyanwa ƙarƙashin kujerar uwargida tana cin kifi. A wani kuma, na kabarin wani ma'aikacin rumbuna mai suna Nebamun, ga ta cikin fadama tare da maigidanta tana kamun tsuntsaye. Wannan zane yana wani gidan ajiyar kayan tarihi a Landan.

Daga baya abin ya wuce kiwo, ya zama bauta. Suna da wata abar bauta mai suna Bastet, mai jikin mace da kan kyanwa. Babban ɗakinta yana garin Bubastis, kusa da garin Zagazig na yanzu. Wani marubuci ɗan ƙasar Girka, Hirodotus, wanda ya rayu wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce in kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan sukan aske girarsu don makoki. Wani marubucin, Diyodoros, ya je Masar wajen shekara 60 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ce a gabansa wani Barume ya kashe kyanwa bisa kuskure. Jama'a suka taru a gidansa. Sarki ya aiko manyansa su ba da haƙuri, amma ba su iya ceton mutumin ba.

Sai dai ku ji ɗaya gefen labarin. A shekara ta 1888 wani manomi yana haƙa a Bani Hasan, a tsakiyar Masar. Sai ya faɗa kan wani rami cike da gawawwakin kyanwoyi. An shafe su da magani, an naɗe su da ƙyalle, sun bushe. Yawansu ya wuce ƙirga. A 1890 aka loda wajen tan 19 a jirgi, aka kai Libaful ta Ingila, aka sayar don takin gona.

Da masana suka ɗauki hoton ƙashin irin waɗannan gawawwaki, sai suka ga abin tausayi. Da yawa ƙanana ne, ba su cika shekara ba. Wasu an karya musu wuya. Ashe kiwonsu ake yi don a kashe, a naɗe, a sayar wa masu ziyara su miƙa sadaukarwa. Kun ga girmamawar baki daban, riƙon kirki daban.

Tafiya cikin jirgi da ayari

Jirgin ruwa ma rumbu ne mai tafiya. Akwai abinci a ciki, akwai igiyoyi, akwai ɓera. Saboda haka matuƙa suka riƙa tafiya da kyanwa. Wani bincike da aka fitar a 2025, ƙarƙashin masana na Italiya, ya duba tsofaffin ƙasusuwa daga wurare masu yawa. Ya nuna kyanwar gida ta shiga Turai wajen shekara 2,000 da suka wuce, zamanin daular Rumawa, kuma daga arewacin Afirka ta fito. Fatake suka kai ta gabas har ƙasar Sin. Daga baya jiragen Turawa suka kai ta Amurka da Ostareliya.

A gaɓar Bahar Maliya akwai kangon wata tashar jiragen ruwa mai suna Berenike. Tun daga 2011 masana na ƙasar Polan suka yi ta tono wata maƙabartar dabbobi a can, mai shekara kusan 2,000. Sun sami dabbobi kusan 600, mafi yawansu kyanwoyi. Waɗannan ba a kashe su ba, ba a naɗe su don sayarwa ba. Wasu da abin wuya na ƙarfe ko na duwatsun ado. Wasu sun taɓa karyewa, ƙashin ya warke. Wasu dabbobin sun tsufa har haƙoransu sun zube. Dabbar da ta karye ko ta rasa haƙori ba ta iya ciyar da kanta. Akwai wanda ya zauna ya ciyar da ita. Garin kuwa hamada ce, ruwan sha ma daga nesa ake kawo shi.

A ƙasashen Musulmi

Malamanmu sun san wannan babi. Sahabin nan Abu Huraira, ma'anar laƙabinsa mai ƴar kyanwa, don wata ƴar kyanwa da yake yawo da ita. A littafin Muwaɗɗa na Imamu Malik an nuna kyanwa ba najasa ba ce, ragowar ruwan da ta sha ana alwala da shi. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin wata mace da aka yi wa azaba saboda kyanwa. Laifinta, ta tsare dabbar har ta mutu. Ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi abinci da kanta ba.

Da na kawo nan a aji, dattijon nan ya sunkuyar da kai. Ya ce ya daɗe da sanin hadisin, amma bai taɓa haɗa shi da ɗakin ajiyarsa ba.

Sarkin Masar Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. A 1836 wani Bature ɗan Ingila da ya zauna birnin, Edward Lane, ya rubuta cewa har lokacin ana kawo musu abinci kowace la'asar a farfajiyar babban alƙali. Ku lissafa: fiye da shekara 500 ke nan bayan rasuwar sarkin.

Zamanin tsoro

Ba ko'ina ta ji daɗi ba. A Turai, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, mutane da yawa sun ɗauka kyanwa abokiyar mayu ce, balle baƙa. A garin Ipar na ƙasar Beljik akan jefo kyanwoyi masu rai daga saman hasumiya ranar wani biki. Sai a 1817 aka yi na ƙarshe. Yanzu in bikin ya zo, na ƙyalle ake jefowa.

Mu ma a nan muna da irin wannan tsoro. Wani in ya ga baƙar kyanwa da dare, idonta na ƙyalli, sai ya ce mayya ce ko aljana. Yara su bi ta da jifa. Jama'a, baƙin gashi gado ne, kamar na baƙar akuya. Ƙyallin ido kuwa, akwai wani abu kamar madubi a bayan idonta da ke maido haske. Shi ke taimakonta gani da dare. Ku haska idon kare ko na saniya da tocila, za ku ga irinsa. Kukan da take yi da dare mai kama da na jariri, neman namiji ne.

Darasin tsibirin Marion

Akwai kuma ɓarnar da sakaci ke jawowa. Marion wani tsibiri ne mai sanyi na ƙasar Afirka ta Kudu, can tsakiyar teku. A 1949 ma'aikatan auna yanayi suka kai kyanwoyi 5 don ɓeraye sun dame su. Ba a hana su haihuwa ba. Ƴaƴansu suka bazu daji. Kafin 1977 sun kai wajen 3,400. Suka tarar tsuntsayen teku da ke ƙwai cikin ramu sun fi ɓera sauƙin kamu. An ƙiyasta suna cin tsuntsu wajen 450,000 a shekara. Gwamnati ta yi shekara da shekaru tana fama, sai a 1991 aka ga bayan kyanwoyin. Ɓeraye kuwa ba su ƙare ba.

Yaya 5 ta zama dubbai? Ga lissafin. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne. Takan haifi 3 zuwa 5 a ciki ɗaya. Tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Ku ɗauki alli ku gwada lissafin a allo.

Namu rabon alkawarin

Yanzu mu dawo ga tambayar dattijo. Ko yunwa ce ke sa kyanwa farauta? Masana sun gwada, sun ga ko ta ƙoshi, in ɓera ya gilma sai ta bi shi. Farauta halinta ce. Abin da yunwa ke yi shi ne ta kore ta daga gida, ko ta mai da ita ɓarauniyar ƴan tsaki da naman miya. A 1953 wani masani na Ingila, Charles Elton, ya duba gidajen gona. Ya ga in an riga an rage ɓeraye, kyanwoyin da ake ciyarwa a gidan suna hana su dawowa, don suna zaune a wurin.

Kuma kada mu ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ƙaramin ɓera take kamawa. Gafiya da manyan ɓeraye sau da yawa tana kauce musu. A 2017 aka fitar da wani bincike na gidaje 40 a karkarar Suwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini. Inda ɓeraye suka fi jin tsoron fitowa cin abinci shi ne gidan da ke da kyanwa da kare tare. Saboda haka a ɗaga rumbu bisa duwatsu, a liƙe ramu, a share ƙwayar da ta zube, a nisanta juji. Kyanwa mataimakiya ce.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Ga abin da ke kanmu:

1. Abinci. Ita mai cin nama ce. Tuwo da fura kaɗai ba su riƙe ta. A ba ta ɗan kifi, da kayan ciki, da guntun nama dafaffe. Ɗanyar madara na sa da yawansu zawo in sun girma.

2. Ruwa. Kakarta ta ƙasar fari ce, shi ya sa ba ta yawan sha. Duk da haka a ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa kullum, balle da bazara.

3. Guba. In ka zuba maganin ɓera, ɓeran da ya ci zai yi laushi, ita kuma ta kama shi ta ci. Sau da yawa a haka ake rasa ta. Maganin ƙwari na gona ma na kashe ta. Kada a ba ta ƙwayar mutane. Farasitamol ɗaya na iya kashe kyanwa.

4. Rigakafi. Ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya. Kusan duka daga cizon kare ne, amma kyanwa ma na ɗauka, tana kuma sa wa mutum. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara ceton mutum da allurar wannan ciwo. A kai kyanwa wajen likitan bisashe tun tana wata 3. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, a tafi gidan likita ran nan. In aka jira alamun ciwo suka fito, an makara.

5. Tsabta. Kashinta na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai lahani ga ɗan da ke ciki. Mace mai ciki kada ta kwashe shi. A wanke hannu bayan an taɓa ƙasar da take tonawa. Wannan bai sa a kore ta daga gida ba.

6. Ƴaƴa. Idonsu na buɗewa bayan kwana 7 zuwa 10. Kada a raba su da uwa kafin wata 2. Kada a ɗure su a buhu a zubar a kasuwa ko a daji. A nema musu gida tun suna shan nono. Inda akwai likitan bisashe mai yin aikin, a fiɗiye muzuru, a yi wa macen aikin tsai da haihuwa.

Kyanwar da ta samu wannan riƙo na iya kai shekara 12 zuwa 15 a gida ɗaya.

Dattijon namu ya sake samun wata ƴar kyanwa da damana. Wannan karon jikarsa ce ke ba ta kan kifi, da ruwa a ɗan kasko. Ya liƙe ramukan ɗakin da laka. Ya ce mini ɓeraye ba su ƙare ƙaf ba, amma yanzu yana barci.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne ya fara jawo kyanwar daji kusa da mutane?
2. Wane bambanci ke tsakanin kyanwoyin Bani Hasan da na Berenike?
3. Kyanwa ɗaya ta haifi ƴaƴa 4, sau 2 a shekara. Ƴaƴa nawa ke nan a shekara 3?
4. In kyanwa ta ciji yaro, me za a fara yi?
5. A garinku, me ake yi da ƴaƴan kyanwa in sun yi yawa? Ku rubuta amsa cikin layi 3.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.